Amsoshin tambayoyinku: babban wili, siririyar taya da ramukan hanya

Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan ƙafafun mota suka zo, don haka na haɗa su wuri guda.

Wani matashi ma'aikacin banki daga Kaduna ya rubuto cewa ya sayi Corolla ƙirar 2010 wadda ta zo da wili mai inci 15, kuma yana so ya mayar da shi inci 18, saboda ya ga na abokinsa ya yi kyau, an kuma gaya masa cewa motar za ta fi riƙe titi a kwana. Yana tambaya ko hakan gaskiya ne.

Ƙanena, rabin maganar gaskiya ce, ɗaya rabin kuwa mai sayar da wilin ba zai gaya maka ba. Ka durƙusa ka duba gefen tayar da ke jikin motarka, za ka ga an rubuta 195/65 R15 ko makamancin haka. Lambar farko faɗin tayar ne da milimita, ta biyu tana nufin tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari ne na wannan faɗin, wato kusan milimita 127, ta ƙarshe kuma girman wilin ne. Tun da gurbin da ke ƙarƙashin madigadi ba ƙaruwa zai yi ba, duk abin da ka ƙara wa ƙarfe dole ka rage shi daga roba. Tayar da za ta hau wili mai inci 18 a wannan motar ita ce kamar 225/40 R18, wadda gefenta milimita 90 ne kacal. Gajeren gefe ba ya lanƙwashewa sosai idan ka karya kwana, shi ya sa da ka taɓa sitiyari motar take amsawa, kuma a kan lafiyayyar kwalta za ka ji bambancin. Amma milimita 37 ɗin da ka zubar su ne katifar da ke tsakanin ƙarfen wilinka da bakin rami. Ranar da ka faɗa rami da gudu a hanyarka ta zuwa Zariya, ko dai wilin ya lotse iska ta riƙa zurarewa, ko zaren da ke cikin gefen tayar ya tsinke ta yi kumburi kamar ƙwai, kuma tayar da ta yi irin wannan kumburin ba ta da faci, sai dai a jefar. Ga nauyin babban wili da yake gajiyar da shakazoba da boris, ga ƙarin shan mai, sannan faffaɗar taya tana son bin gurbin da tireloli suka kwantar a kan kwalta, har ka ji sitiyari yana fizgar hannunka. Idan kyan kake so, ka tsaya a inci 16 da taya 205/55 R16, wadda Toyota da kansu suka sanya wa wasu daga cikin motocin wannan ƙirar, domin tsayinta gaba ɗaya milimita 632 ne, na taka ta yanzu kuma kusan 635. Kada kuma ka yarda a buɗa ramukan noti don wilin wata mota ya shiga taka.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne abin da ba ka rubuta ba, wato ina kuɗin tayar. Na sha ganin yadda abin yake ƙarewa. Mutum ya kwashe albashin wata biyu ya sayi wili mai ƙyalli, sai ya tambayi kuɗin sabuwar taya mai inci 18 ya ji kansa ya yi nauyi, daga nan ya zarce wurin masu Beljiyam ya ɗauki guda huɗu, kowace da sunan kamfaninta daban. Taya ta gwanjo tana cikin kayan da hukumar kwastam ta Najeriya ta haramta shigowa da su, amma kowa ya san yadda take jibge a bakin titi, an wanke ta an shafa mata baƙi tana sheƙi kamar takalmin ango. Kyan zanenta ba shi ne shaida ba, domin roba tana tsufa ko da ba ta taɓa taka ƙasa ba. A gefen kowace taya, bayan haruffan DOT, akwai lambobi huɗu a cikin wani ɗan zagaye. Idan ka ga 2319, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2019. Wasu kamfanonin taya suna cewa a riƙa kai ta a duba kowace shekara bayan ta cika shekara biyar, a kuma cire ta idan ta kai goma ko da zanenta yana nan, hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC kuwa ta daɗe tana jan kunnen direbobi a kan tsofaffin tayoyi. Na taɓa zama a kan benci wurin wani mai faci ina jiran a duba mini iska, na ga yaronsa yana bin tsohon zanen wata suɗaɗɗiyar taya da ƙarfe mai zafi yana ƙara masa zurfi, robar tana fita siri-siri kamar taliya. Kafin in tashi an jingina ta a layin na sayarwa. Wanda ya saye ta bai san cewa ɗan abin da ya rage tsakanin kwalta da wayar cikin tayar bai kai kaurin fatar takalmi ba. Idan ka ga wurin lambobin nan huɗu an goge shi ko ya fi sauran jikin tayar santsi, ka ajiye ta ka yi gaba.

Akwai kuma wata masifar da mutane ba su lura da ita ba. Da yawa daga cikin tayoyin da ake kwasowa daga Turai na lokacin sanyi ne, za ka gane su da hoton dutse mai tsini uku da alamar ƙanƙara a cikinsa, da kuma 'yan tsage-tsage masu yawa a kan zanen. An yi robarsu da taushi domin ta kama titi idan sanyi ya yi ƙasa da digiri 7. Ka ɗora irin wannan a kan kwaltar Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, lokacin da zafin iska kaɗai yake haura digiri 40, sai ta riƙa cinyewa da wuri, motar tana lilo a kwana, birki kuma yana ɗaukar nisa kafin ya tsayar da ita. Mai sayarwa zai danna ta da yatsa ya ce maka ka ji laushi, wannan ita ce orijina. Laushin nan shi ne aibinta a ƙasarmu. Sabuwar taya mai matsakaicin suna a kan wilinka na inci 15 ta fi tsohuwar taya mai babban suna a kan inci 18, ko a kwana ko a birki.

Wani malamin makaranta da yake zuwa ƙauyensu kowane ƙarshen mako ya ce cikin motarsa yana gugar ƙasa a hanyar burji, yana so ya sa 205/70 R15 a maimakon 195/65 R15. Malam, abin da za ka samu bai kai santimita biyu ba, kusan milimita 17. Abin da za ka biya kuwa shi ne tayar za ta fi ta asali tsayi da sama da kashi 5 cikin ɗari, don haka idan maleji ya nuna 100 kana kan kusan 105, motar za ta yi nauyin tashi, kuma idan ka cika ta da buhunan hatsi tayar baya za ta iya gugar madigadi. Masu sana'ar suna cewa kada bambancin ya wuce kashi 3. Ka fara kai ta a duba sifirin da shakazoba, domin sau da yawa su ne suka kwanta.

Wani kuma ya tambaya ko gaskiya ne idan aka sa manyan tayoyi a baya, ƙanana a gaba, mota tana rage shan mai tun da kullum tamkar gangara take yi. Da haka ne da tuni 'yan tasha sun daina zuwa gidan mai. Duk wanda ya gaya maka wannan, kada ka sake ba shi makullin motarka.

Wasiƙa ta ƙarshe daga wata baiwar Allah ce a Katsina, wadda mijinta ya rasu bara ya bar mata mota da take kai yara makaranta da ita. Ta ce tun da taya ɗaya ta gaba ta fashe mai faci ya sa mata wata, motar take ja gefe guda, ta kuma ji tsoro domin kuɗin da ke hannunta ba zai wuce na taya biyu ba. Hajiya, Allah ya jiƙan maigidan, ya raya abin da ya bari. Ki kwantar da hankalinki, kin yi daidai da kika lura, kuma abu ne mai sauƙin gyara. Ki buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin za ki ga wata 'yar takarda da aka manna, tana ɗauke da girman tayar da kamfani ya tsara wa motar da yawan iskar da ake sa mata. Ki gwada lambar da ke kanta da ta tayoyin gaba biyu, ina kyautata zaton za ki tarar wadda aka sa miki ta bambanta da 'yar'uwarta, kuma tayoyi biyu da ke kan layi ɗaya, dama da hagu, dole su zama girma ɗaya, zai fi kyau ma su zama iri ɗaya. Taya biyu sababbi sun isa a yanzu. Ki sa a ɗaura su a baya, a dawo da na bayan gaba idan girmansu daidai ne kuma ba su tsattsage ba. Na san mai faci zai yi miki musu, amma haka kamfanonin taya suke ba da shawara, saboda idan baya ya zame a kan jiƙaƙƙen titi lokacin damina motar juyawa take yi, kuma hakan ya fi wuyar shawo kai fiye da zamewar gaba. Ki tsaya a kansa lokacin da yake ba da iska, ki ce ya bi lambar jikin ƙofa, kada ya bi wadda ke jikin tayar, domin ta jikin tayar iyakar iskar da tayar za ta iya ɗauka ce. Idan an gama kuma har yanzu tana ja, sai ki kai ta a daidaita ƙafafun a wurin masu alaimen.