Amsa ga Yaya kan ƙaramar motar da ya gani a hoto

Yaya, barka da war haka. Ina fatan iyali duk suna lafiya. Saƙonka ya iso, har da dariyar da ka ce an yi a gida, wai furfura ta fito mini amma na koma wasan motar kara. To bari in fayyace maka yadda abin yake a nan Ingila.

Motar da ka gani tsawonta bai wuce tafin hannu ba, domin an rage girman ta gaske sau 32. Tana gudu a kan titin roba mai tsaga a tsakiya. A ƙarƙashin hancinta akwai ɗan harshe da ke shiga tsagar, da wayoyi biyu saƙaƙƙu masu shafar ƙarfen gefen tsagar suna jawo wuta zuwa injin. Kai kuma totur ne kawai a hannunka, mai kunama kamar ta bindiga. Babu sitiyari. In ka shiga kwana da ƙarfi, motar ta fice ta wuntsila. Wani Bature mai suna Fred Francis ne ya fito da samfurin irin waɗannan motocin mai suna Scalextric a 1957, kuma yaran da aka saya wa a wancan zamani su ne tsofaffin da nake zama da su yanzu.

Abin da ba a gane wa daga gida shi ne nan babu zaman ƙofar gida. A watan Disamba ƙarfe huɗu na yamma duhu ya yi, sanyi kuma ba ya barin kowa a waje. Mutum zai yi ritaya, 'ya'ya sun watse, maƙwabci sai ɗaga hannu. Shi ya sa suke kafa ƙungiyoyi a kan komai, su kama hayar ɗaki, su haɗu dare ɗaya a mako. Mu Hausawan nan muna da masallaci da suna da ɗaurin aure, amma waɗannan galibi na ƙarshen mako ne. Sauran ranakun kowa ya nemi abin da zai riƙe hannunsa da hankalinsa. Wasu sun kama ɗan lambun haya suna shuka alayyafo, ni ɗana ne ya ja ni wannan.

Wadda nake haɗawa Vanwall ce, koriyar motar da ta ci tseren Birtaniya a Aintree, kusa da Libaful, a 1957. Ba a sayenta a haɗe. Bodin yakan zo da kaushi, sai ka bi shi da samfefa, ka cike ramuka, ka sake gogewa. Shasin kuwa da tagulla ake yankawa a liƙe da dalma, kuma dole ya kwanta daidai, in ba haka ba taya ɗaya ta riƙa ɗagawa. Fenti shi ne wurin gardama. A lokacin kowace ƙasa da launinta: Birtaniya kore, Italiya ja, Faransa shuɗi. Sai dai koren ba iri ɗaya ba ne, kuma yawancin hotunan zamanin baƙi da fari ne, don haka za ka ga dattawa biyu sun yi rabin sa'a suna musu a kan duhunsa, shayinsu na hucewa.

Lamba ma tana da labari. Direban Vanwall Stirling Moss ya fara tseren da mai lamba 18, injinta ya fara gardama, sai aka kira abokin aikinsa Tony Brooks, wanda bai gama warkewa daga hatsarin da ya yi a tseren Le Mans na Faransa ba, ya miƙa masa mai lamba 20, da ita aka ci. To in ka manna 20, wa za ka zaunar a ciki? Ni Moss na zaɓa, na yi masa farar hular kwanonsa. Bayan nan sai ƙananan abubuwa: salansa, madubi, ɗan gilashin gaba, da tayoyi sirara masu wayoyi a tsakiya kamar na keke. Waɗannan su suka fi cin lokaci, su ne kuma suke fara karyewa in mota ta daki bango.

Motocin kanti suna zuwa da maganaɗisu a ƙasa, wanda ke manne su da titi. A ƙungiyarmu an hana shi ga tsofaffin motoci, kuma ina goyon bayan haka ɗari bisa ɗari. Motar 1957 bayanta zamewa yake yi a kwana, in ta tafi cak kamar jirgin ƙasa ai ba ita ba ce. Sai dai a liƙa 'yar dalma a ƙasan shasi don nauyi, sauran aikin na yatsa ne.

Game da tambayarka ko caca ake yi: a'a, ba a sa ko kwabo. Kowa na biyan ɗan kuɗin hayar ɗaki da na shayi, wanda ya ci a rubuta sunansa a allo. Wanda ba ya cikin zagayen kuma dole ya tsaya a kwana yana mayar da motocin da suka fice, ko da likita ne ko tsohon alƙali.

A gaida Hajiya da yara.