PS5 ta Japan ko ta Turai, wacce zan ɗauka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na tara kuɗin PS5, na'urar gem ta PlayStation ta kamfanin Sony, sai na tarar da iri biyu, ta Japan da ta Turai, kuma ta Japan ɗin ta fi sauƙin kuɗi. Abokina ya ce in na kuskura na ɗauke ta, faifan gem na Turai ba zai yi a kanta ba, wuta ma tana iya ƙona ta. Gaskiya ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Abokinka bai yi ƙarya ba, sai dai labarin nasa ya kwana biyu. A zamanin tsofaffin na'urori irin su PS2 ta Sony da Wii ta kamfanin Nintendo haka abin yake, kowace na'ura faifan shiyyarta kawai take karɓa. Sony ta saki wannan takunkumi tun daga PS3 a 2006, Nintendo ma ta bi sahu da Switch a 2017. Yau faifan gem na Turai zai tashi a PS5 ta Japan lafiya lau. Faifan fim ne har yanzu yake da shinge: a tsarin Blu-ray Japan da Amurka shiyyar A ce, Turai da Afirka kuwa B.

Batun wuta kuma, lantarkin Japan bolt 100 ne, na Turai 230. Tsofaffin na'urorin gem irin su Xbox 360 suna iya ƙonewa, domin akwatin wutarta na waje ƙarfin lantarkin shiyya ɗaya yake ɗauka. Ka duba rubutun da ke jikin na'urar. In ka ga 100-240V, wayar da ta dace da soket ɗinka kawai kake bukata. In 100V kaɗai aka rubuta, kada ka yi caca da kuɗinka, nemi taransifoma mai rage wuta.

Inda mutane suka fi faɗawa rami shi ne asusu. Ranar da ka buɗe asusun PlayStation za a tambaye ka ƙasa, kuma abin da ka zaɓa ya zauna ke nan, ba a canza shi. Katin kuɗin da za ka loda sai na wannan ƙasar. Sannan ƙarin kayan gem da ake saye daga baya, wanda 'yan wasa ke kira DLC, dole shiyyarsa ta yi daidai da ta faifan. Ka sayi faifan Turai, ka biya kuɗin sabon filin yaƙi da asusun Amurka, ka sauke shi tsaf, ka buɗe gem ɗin, wayam! Kuɗi sun tafi, kaya na cikin na'ura, amma faifan bai san da su ba. Maganin abin a jikin kwalin faifan yake: tambarin PEGI na Turai ne, ESRB na Amurka, CERO na Japan. Wanda ka fi yawan samu a hannunka, to asusun shiyyarsa za ka buɗe, ko daga ina na'urar ta fito.

Yanzu ga abin da ya sa arahar nan take ba ni tsoro. A Nuwamba 2025 Sony ta fitar da wata PS5 ta musamman domin kasuwar Japan a kan yen (kuɗin Japan) 55,000. Ba ta zuwa da wurin saka faifai, harshenta Japananci kaɗai, kuma asusun Japan kawai take karɓa. Dabarar Nintendo aka ara, wadda a Yuni 2025 ta sayar da Switch 2 mai Japananci zalla a kan yen 49,980, mai harsuna da yawa kuma yen 69,980. Darajar yen ce ta faɗi, 'yan sari suna kwashe kaya suna fitarwa waje, shi ne kamfanonin suka rage wa mutanen gida farashi suka kuma datse ƙofa.  In irin wannan aka miƙo maka, araha ba ta ado.

Lambar samfurin da ke jikin kwali tana faɗa maka asali: misali CFI-2000 ta Japan, CFI-2015 ta Amurka, CFI-2016 ta Turai. Garanti ma shiyya yake bi, wadda aka sayar a Japan can ake karɓar gyaranta.

Da ni ne, ta Turai zan ɗauka, sai fa in ratar kuɗin tana da yawa sosai. In kuma ranka na kan ta Japan ɗin, kada ka biya sai an kunna ta a gabanka. Ka shiga saitin harshe ka ga jerin da idonka, akwai Turanci da Larabci da sauransu ko kuwa Japananci ne tilo. Sannan ka saka asusunka ka ga ya shiga. Mai sayarwa da ya ce ba a buɗe kwali sai an biya, ka bar masa kayarsa.