Amsa ga Malama kan ƙararrawar tsaro ta yara

Salamu alaikum. Malama, na ji saƙonki, kina tambayar wace sensa, wato na'urar da ke gano motsi ko wani canji, za a saya wa 'yan JSS 2 don aikin ƙararrawar tsaro da za su haɗa da micro:bit, ƙaramin allon kwamfutar nan da yara ke rubuta wa umarni. To ni a ganina ba a zo maganar saye ba tukuna. Ki fara tambayarsu, me za a tsare? Rumbun gero, garken awaki, ko ƙofar sitor ɗin makaranta?

Kuma don Allah kar ki fara da PIR, sensar gano motsin nan da kowa ke ɗoki. Ita ɗumin jikin abin da ke motsi take ji, ba ruwanta da mutum ne ko akuya. Bara wani malami a wajenmu ya kafa ta a bakin rumbu, wallahi ba a runtsa ba. Tunkiya ta gitta, kuka. Kyanwa ta gitta, kuka. Maigadi ya gaji ya zare batirin. Da safe sai aka ce wai yaran ne ba su iya ba! Yaran da suka rubuta umarninsu daidai, idan an ji motsi a yi ƙara, abin da ta yi ke nan. Har yau abin yana min ciwo, don akwai yarinyar da daga ranar ta daina zuwa. Ga zafin bazara, nan Gumel yakan haura digiri 40 da rana, jikin mutum 37, sai ta riƙa kasa bambancewa. Sannan HC-SR501, wato irin PIR ɗin da aka fi sayarwa, bolt 5 na lantarki take so, micro:bit kuma 3 yake bayarwa, sai an... a bar wannan dai.

In ƙofa ce, makunnin maganaɗisu ya isa. Ɓari ɗaya a ƙyaure, ɗaya a bango, da an buɗe sun rabu. Yaro da idonsa yake ganin dalili.

Sai abin da zai sanar. Fitilun nan 25 na fuskar allon, wa zai gan su cikin dare yana ɗaki? Ƙarar ma ba ta da ƙarfi. Ki tambaye su, so suke ɓarawo ya firgita ya gudu, ko maigida ya farka shiru? In na biyun ne, rediyon allon zai aika saƙo ɗaki. Au, allo biyu ke nan za ki nema, ba ɗaya ba. Su gwada nisan da kansu, don katangar ƙasa tana rage shi.

Ki duba min bayan allon naki, V1 ne, wato tsohon samfuri, ko V2? Don V1 ba shi da lasifika, sai an haɗa masa daban.