An sa wa Baba bututu a kai, yaya za mu kare shi daga ƙwayoyin cuta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Jijiyar jini ce ta fashe wa mahaifinmu a ƙwaƙwalwa, yana kwance a asibiti nan Makka. An sa masa siririn bututu a kai, ruwa na ɗiga cikin wata jaka a gefen gado. An ce mana ƙwayoyin cuta ne abin tsoro, ga 'yan'uwa suna so su riƙa shafa masa Zamzam a kai. Mene ne namu a ciki?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya tashi kafaɗun Baba.

Kullum ƙwaƙwalwa na samar da ruwa kusan rabin lita, yana zagayawa, jiki kuma na tsotse shi. Idan jini ya toshe masa hanya sai ya taru ya matse ta, shi ya sa aka sa bututun. To, ta inda ruwan ke fita, ta nan cuta ke shiga. Galibi ma ba baƙuwar cuta ba ce, ƙwayoyin stafilokokus ne da ke zaune lafiya a fatar kowa, amma in suka kai ciki sai su haddasa ciwo irin na sanƙarau.

Ma'aikata na da nasu nauyin: wanke fata sosai, ba da maganin kashe ƙwayoyi kafin aiki, rage yawan buɗe bututun don ɗibar ruwa, da cire shi da zarar bukata ta kau, domin daɗewarsa na ƙara haɗari.

Naku kuwa hannu ne. Kowa ya wanke kafin ya matso gadon, kuma kada a taɓa bandeji, bututu ko jakar. Tsayin jakar nan an auna shi ne da saitin kunnen Baba. In aka ɗaga gadon ko aka zaunar da shi kafin nas ta rufe bututun, ruwa na iya zuba fiye da kima.

Zamzam ɗin fa, na san ƙauna ce ta kawo. A shafa masa a hannu da ƙirji, a yi addu'a a kusa da shi, amma don Allah kada ko ɗigo ya taɓa bandejin. Laima kowace iri na buɗe wa ƙwayoyi hanya.

In kin ga matashinsa ya jiƙe da ruwa garai-garai, ko ruwan jakar ya gurɓace, ko zazzaɓi ya taso, wuya ya sanƙare, barci ya yi masa nauyi fiye da jiya, kira nas nan take, ko da tsakar dare ne.