Ɗan shekara 15 da ya daina jin magana

Hajiya, kin ce ɗanki na fari, mai shekara 15, ba ya shigowa gida sai ƙarfe 11, yana raba dare da waya, kina faɗa yana mayar miki, babansa ya zane shi abin ya ƙara taɓarɓarewa.

A ajiye bulalar tukuna. Yaron da ya kusa kai tsayin babansa, duka ɓoye-ɓoye kawai yake koya masa, wani ma har kwanan waje. Faɗa a gaban ƙannensa ma haka ne: a lokacin ba sauraro yake ba, mutuncinsa yake karewa.

Zamansa ɗan fari ma yana da hannu a ciki. Alkunya ta hana ki hira da shi tun yana ƙarami, wataƙila ko sunansa ba kya kira, to abin da ya saba ji daga bakinki aike ne ko faɗa. Nemo wanda yake sakin jiki da shi, kawunsa ko kakarsa, a ja shi gefe ba don wa'azi ba, a ji damuwarsa. Sau da yawa jarrabawa ce ya faɗi ya ɓoye, ko bashi, ko wata yarinya.

Doka biyu ta isa. Ya shigo kafin ƙarfe 9, waya kuma ta kwana a caji a ɗakinki daga ƙarfe 10. Ke da babansa ku faɗa masa tare, ya san hukuncin tun farko: ya saɓa, babu waya kwana 3. Kada ki ce wata guda, ba za ki iya riƙewa ba, kuma ranar da kika sassauta ya gano lagonki. Inda aka fi samun matsala shi ne uba ya karɓe, uwa ta miƙa a ɓoye.

Ɓata ran safe ba kullum ne raini ba, wani lokaci rashin isasshen barci ne. Mai shekarunsa yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10.

Abin da za ki sa wa ido sosai shi ne shaye-shaye: jan ido, nauyin harshe, barcin rana mai yawa, kuɗi ko kaya suna ɓacewa, fakitin tiramadol a aljihu, kwalbar maganin tari a bayan katifa. An hana mai kodin a Najeriya tun 2018, amma ana samu a ɓoye. In kin ga haka, magana ta wuce kawu. A kai shi asibiti wurin likitan ƙwaƙwalwa, kada a kai shi gidan mari.