Likita Na Amsa: Mai Taimaka wa Likitan Gashin Ƙashi, Ina Iyakar Aikinsa?

Wata baiwar Allah daga Aboabo, Kumasi: Likita, mahaifiyata ta samu shanyewar ɓarin jiki wata biyu da suka wuce. Sau ɗaya babban likitan gashi ya duba ta, tun daga nan wata yarinya mataimakiyarsa ce ke yi mata. Ba a raina mu ba kuwa?

'Yar'uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya. Ba raini ba ne, haka tsarin yake. Likitan gashi shi ke auna ƙarfin gaɓoɓi, ya gano inda matsalar take, ya tsara atisayen da za a bi. Mataimakiyar kuma ita ke zama da mara lafiya: ta koya mata juyawa a gado, zama, tsayuwa, riƙe sanda, ta rubuta abin da ta gani ta kai wa likitan. Ba ta da hurumin sauya tsarin da kanta. Sau da yawa ma ita ke fara lura idan kafaɗa ta soma ciwo, don ta fi kowa daɗewa da majinyaci. Abin da ya kamata ki tambaya shi ne: yaushe likitan zai sake duba Hajiya? Haƙƙinku ne.

Kada ku yi wasa da ranakun zuwa, domin yawancin sauƙin yana samuwa ne a wata 3 zuwa 6 na farko. A gida kuma, don Allah a daina ɗaga ta ta hannun da ya shanye. Na sha ganin kafaɗar da 'ya'ya suka gurɗe wa uwarsu, da niyyar taimako. Idan ba ta iya juyawa, a riƙa juya ta duk bayan awa 2 saboda gyambon kwanciya.

Wani ɗan'uwa daga Asawase: Akwai mai zuwa gida yana yi wa babana tausa da ruwan zafi, ya ce aikin gashi ya koya. Babana na da ciwon suga.

Malam, a dakatar da ruwan zafin yau. Mai ciwon suga kan rasa ji a ƙafa, sai ya ƙone bai sani ba, ciwon kuma ya ƙi warkewa. Ka nemi mutumin ya nuna maka lasisinsa na Allied Health Professions Council, hukumar da ke ba irin waɗannan ma'aikatan lafiya lasisi a Ghana, wadda dokar Act 857 ta 2013 ta kafa. Ka kuma tambaye shi wane likita yake aiki a ƙarƙashinsa. In ya fara kame-kame, ka sallame shi.

Wani matashi daga Tafo: An cire mini filasta a hannu, amma wuyan hannun ya sandare. In je wurin mai ɗori?

A'a, ɗana. Ƙashin ya riga ya haɗe, zaman makonni babu motsi ne ya sandarar da gaɓar, kuma murɗawa da ƙarfi ɓarna za ta ƙara. Ka karɓi takarda daga likitan da ya cire filastar, ka tafi sashen gashi na asibitin Komfo Anokye, wato Gee, ko wanda ya fi kusa da kai.