Uwar da Fim Bai Nuna Miki Ba

Assalamu alaikum 'yata,

Saƙonki ya iso, na karanta shi a tsanake. Kin ce Ummanki na da ciki tana da shekara 43, ke kuma ga goyo a bayanki, kuma tun da maganar ta fito ta daina fita unguwa, har awo ta ƙi zuwa. Kin ce kin ga irin wannan a wani shiri mai dogon zango da kuke kallo: Hajiya ta aurar da 'ya, sai ciki ya ɓullo, gida ya ɗauki dariya, 'ya'ya suka yi fushi, ita kuma ta kulle kanta a ɗaki. Shi ne kike tambaya wai haka al'ada ta ce, mace ta rufe haihuwa da zarar 'yarta ta fara? Kika kuma haɗa da tambayar da na san ta daɗe tana cin ranki, wato me ya sa Umma ba ta kiran sunanki, alhali tana kiran na ƙannenki.

Ni na girmi Ummanki, a hannuna aka yaye ki, don haka ba zan ɓoye miki komai ba.

Babu wata al'ada tamu da ta hana mace haihuwa don 'yarta ta haihu. Ki yi lissafi da kanki. A zamaninmu ana aurar da yarinya tana da shekara 15 ko 16, ta yi haihuwar fari tana 17. Idan mace ta haifa, ita ma a aurar da ita a wannan shekarun, to ranar da jika zai faɗo duniya kakarsa ba ta wuce 35 ba. Mace mai shekara 35 da mijinta a raye, da lafiyarta, wa zai ce ta gama? Ai haila kan ɗauke ne galibi tsakanin shekara 45 da 55. Shi ya sa kusan kowane gidan gandu za ki tarar da yaron da ya girmi kawunsa, suna wasan ƙasa tare, suna faɗa kan ƙanzo, sai sun girma a ce wa babban ya riƙa gaida ƙaramin. Mu ma a gidanmu haka aka yi: Iya ta haifi autarmu babbar yayarmu tana da 'ya'ya biyu. Kuma har yau abin bai gushe ba. Binciken lafiyar iyali na ƙasa na 2018 ya nuna mace a Arewa maso Yamma kan haifi 'ya'ya 6 zuwa 7 a rayuwarta, a Katsina ma ƙiyasin ya haura 7. Haihuwa bakwai da tazarar shayarwa ba ta ƙarewa a shekara 30.

Abin da yake akwai shi ne nauyi. Mace takan ji nauyin surukinta, wato mijin 'yarta, ya gan ta da ciki. Takan ƙara mayafi, ta rage shiga taro, idan ya zo gaisuwa ta amsa daga bayan labule. Ƙawayenta da abokan wasanta sukan tsokane ta, taubasai su ce ta ƙi bar wa yara fili, ta yi murmushi ta sunkuyar da kai. Nan abin ya tsaya. Amma 'ya'ya su yi wa uwa fushi, ko su tsare ta da tambaya don ta yi ciki a gidan ubansu? Wannan ban taso na gan shi ba, kuma da wani ɗa ya gwada, dattawan gida ne za su fara ci masa mutunci. Ɗan da aka samu a irin wannan lokaci ma shi ne ɗan lele. Kowa na gidan uwarsa ne da ubansa. Ki duba Alƙur'ani kuma: matar Annabi Ibrahim da aka yi mata bushara da Is'haƙa, a Suratu Hud, mamaki ta yi don ta tsufa, mala'iku suka amsa mata da rahamar Allah da albarkarsa. Haka labarin Annabi Zakariyya da matarsa a farkon Suratu Maryam. Bushara aka kira shi.

To me ya sa fim ya mayar da shi abin dariya? Ina kallon shirye-shiryen nan, ba na cikin masu tsine musu. Tun wasannin kwaikwayo na gidajen talabijin na Kaduna da Kano a shekarun 1980 nake kallo, na ga farkon fina-finan kaset da suka taso a Kano a 1990, na ga zuwan Arewa24 a 2014 da masu dogon zangon da yanzu kuke bi a waya. Sun yi ƙoƙari a wurare da dama. Uwar miji mai mulkin gida, wadda ke lissafa wa matar ɗanta awon hatsi, akwai ta. Uwar da ke tilasta wa 'ya auren mai kuɗi, akwai ta. Uwar da kishi ya sa ta raba kan 'yan uba, wallahi akwai ta, mun ga gidajen da suka watse a dalilinta. Idan fim ya nuna waɗannan gaskiya ya faɗa.

Amma ki lura da inda ake ajiye uwa a labarin. Labarin na saurayi da budurwa ne, ko na miji da mata biyu, salon da aka ɗebo da yawansa daga fina-finan Indiya da aka shafe shekaru ana nunawa a silimun Kano. Uwa tana shigowa ne ko don ta hana, ko don ta yi kuka. Kullum tana zaune a kujerar falo, da leshi da gwal da carbi, ba ta da aiki sai jiran ɗa ya shigo ta yanke hukunci. Sau da yawa wadda aka ba matsayin ma ba ta girmi ɗan nata da shekara goma ba. Ita kuma uwar talaka an tanadar mata tabarma da tari da hawaye. Tsakanin waɗannan biyun ne iyayen da muka sani suke, su kuma ba a cika nuna su ba.

Ina uwar da ke tashi kafin assalatu ta dama koko, ta soya ƙosai, ta aika yaro da shi bakin titi? Ina mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, mai dakau, mai kitso, mai saƙar hula, wadda ke zubin adashi shekara da shekaru tana sayen kwano ɗaya ɗaya tana turawa ƙarƙashin gado don ranar da za a kai 'yarta ɗaki? Kayan ɗakinki da kika tarar an jera, da adashin ɗinkin Ummanki aka sayi fiye da rabinsu, kuma ba ta taɓa faɗa miki ba. Ina malamar makaranta da ke koyarwa da goyo a baya? A fim ciki amai ne sau ɗaya, sai likita ya ce an samu ƙaruwa. Haihuwa ihu ne a bayan ƙofa, sai a fito a ce an sauka lafiya. Washegari suna, mai jego ta ci kwalliya kamar ba ita ta yi naƙuda ba, daga nan jaririn ya ɓace sai a rubuta bayan shekara ashirin. Babu laulayi, babu kumburin ƙafa, babu kwana arba'in na wankan jego da ganyen darbejiya, babu daren fitar haƙori, babu ƙyanda, babu kukan yaye. Ke da kike goyo yanzu kin san nan ne uwa take zama uwa. Na san akwai abin da kunya ba za ta bari a haska ba, kuma daidai ne a sakaya shi. Amma wahalar uwa ba tsiraici ba ce. Allah da kansa ya ambace ta a Suratu Luƙman, cewa ta ɗauke shi rauni a kan rauni, yayensa kuma a shekara biyu.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne saurin tsinuwa. Da an ɗan saɓa, sai uwar fim ta miƙe ta ce ba ta yafe nononta ba. Iyayen da na sani tsoron bakinsu suke yi. Iya idan muka kai ta bango, jikinta na rawa, abin da za ta ce shi ne Allah ya shirye ku. Ta san bakin uwa ba ya faɗuwa ƙasa banza, shi ya sa take tsare shi. Yaran da suka taso suna ganin tsinuwa a kowane mako za su ɗauka abu ne mai sauƙi, wata rana su zama iyaye su furta.

Yanzu maganar sunanki. Ke 'yar fari ce, kuma kunyar ɗan fari tsohuwar al'ada ce, ta fi ƙarfi a gidajen Fulani da waɗanda suka cuɗanya da su, irin namu. Yarinya ce ƙarama a gidan surukai, ɗan da ke hannunta shi ne shaidar farko ta zamanta da miji, sai ta ji nauyin nuna shi. Ba ta kiran sunansa, sai ta ce wannan yaron, ko ke, ko ta laƙaba masa wani suna. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta tare masa faɗa, ko kuka yake sai an ce mata ɗauke shi mana. Akwai kuma wata hikima a ciki: ana nuna cewa ɗan na dangi ne, shi ya sa bayan yaye akan ba kaka ko inna ko gwaggo riƙonsa. Haka kika zo hannuna. Fim yakan ɗauki wannan ya nuna shi a matsayin ƙiyayya, don kyamara fuska kawai take gani, fuskar kuma a ɗaure take. Abin da ba ta gani shi ne tsokar naman da Ummanki ke ƙullewa a gefen zane ta ba ni a ɓoye ta ce in ba yarinyar nan. Lokacin da ƙyanda ta kwantar da ke, a bakin ƙofata ta riƙa kwana, da an ji motsin mutane ta tashi ta kama shara.

Ba zan ce miki al'adar ba ta da illa ba. Na ga 'ya'yan fari da suka girma da ciwon abin a zuci, kamar ke. Kuma ba addini ba ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sumbaci jikansa Hasan a gaban Aƙra'u ɗan Habis, mutumin ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, aka amsa masa cewa wanda ba ya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba. Don haka ki kira sunan ɗanki, ki rungume shi a gaban kowa, ba ki yi laifi ba. Amma kada ki auna Ummanki da ma'aunin da ba a raine ta da shi ba.

Wannan nauyin ne yanzu ya tsare ta a ɗaki, kuma nan ne nake so ki buɗe kunne, don a nan babu wasa. Cikin mai shekara 43 wadda ta yi haihuwa da yawa ba ɗaya yake da naki ba. Hawan jini ya fi kama irinsu, haka ciwon suga na masu ciki, da jijjiga, da uwar tafiya ta tare hanya, da zubar jini bayan haihuwa don mahaifa ta gaji ba ta saurin tsukewa. Tagwaye ma sun fi zuwa a manyan shekaru. Wancan binciken na 2018 ya ƙiyasta mata 512 ke rasuwa a cikin kowace haihuwa 100,000 a Najeriya. Mata da yawa da muka binne ba sabbin shiga ba ne, gwanaye ne da suka ce sun saba, suka durƙusa su kaɗai a ɗaki don kada yara su ji. Wannan ne ya kamata fim ya nuna game da uwa mai shekaru, ba dariyar 'yan gida ba.

Dole ta fara awo, kuma ta haihu a asibitin da ke da jini da ɗakin tiyata. Idan ta yi ƙorafin ciwon kai mai tsanani, ko fuska da hannuwa suka kumbura, ko tana gani dishi-dishi, ko ta ga jini, ko ɗan ya rage motsi, ba a jira gari ya waye. Bayan ta sauka kuma, a sassauta mata jego. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego a yankin, suka danganta shi da wankan tafasasshen ruwa, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙasa, da yawan kunun kanwa. Ruwa mai ɗumi ya isa, kanwa kuma a janye mata, balle idan jininta ya hau.

Wani abu kuma da ba a cika tunawa ba idan uwa da 'ya suna goyo tare: kada ki bar mata ɗanki ta ba shi nono don kin fita unguwa. Idan ya sha, ya zama ɗanta na shayarwa, ƙannenki, wato kawunnansa da innoninsa, sun zama 'yan'uwansa, 'ya'yansu kuma sun haramta gare shi. A mazhabarmu ta Malikiyya ko kaɗan ya sha ya wadatar. Gidan da ake auren zumunta irin namu dole a kiyaye wannan, in kuma ya riga ya faru a sanar da manya a tambayi malam.

Kada ki tunkare ta da maganar cikin kai tsaye, ba za ta iya haɗa ido da ke a kai ba, kuma za ki ƙara tura ta ɗaki. Ki je gidan kamar yadda kika saba, ki karɓe mata girki da wanki, ki ja wa ƙannenki kunne kada in ji wanda ya yi mata ko da murmushin tsokana. Ki ce wa maigidanki ya ɗan rage zuwa gaisuwa a 'yan watannin nan, ya riƙa aiko da saƙo, za ta gane karamci ne. Maganar awo ki bar mini. Zan kira Babanku in yi masa magana a matsayina na yayar Ummanki, sannan in zo da kaina ranar Litinin in raka ta, don ni ba ta isa ta ce mini a'a ba. Ki nemo katinta na asibiti na haihuwar baya, ki ajiye mini.

Ki gaida maigidan naki, ki shafa mini kan angona. Allah ya raya shi, ya sauki Ummanki lafiya.

Innarki.